WASANNIN ALMARA SUN SHIGA NA'URA: WA AKE JIRA A ABUJA?

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. A zamanin da, abin da ke sa saurayi ya riƙa ƙirga kwanaki shi ne ƙaratowar salla, ko ranar dambe, ko ranar da za a sa sabon fim a silima. Yau kuwa a Abuja akwai wani rukuni na samari da 'yan mata, galibinsu ɗalibai da ƙananan ma'aikata, waɗanda abin da suke ƙirga wa kwanaki shi ne ranar da wani kamfani na Turai ko Amurka ya yi alkawarin fito da sabon wasa cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta.

Da yawa daga cikin wasannin nan asalinsu na kan tebur ne, ana yin su da allo da kati da 'yan gumakan roba da ƙwayar nan mai fuska shida irin ta lido. Daga baya ne aka juye su cikin na'ura. Wanda bai san al'amarin ba zai ɗauka jiran da 'yan wasa ke yi zumuɗin yarinta ne kawai. Amma a ƙasashen da ake ƙera wasannin, wannan jira ya zama jari, da shi ake tara kuɗin aikin tun kafin a kammala shi. Don haka ya kamata a duba wa jama'ar ƙasar nan ke jira, kuma aljihun wa jiran ke cikawa.

ASALIN WASANNIN

Wasan almara shi ne wanda aka gina a kan ƙagaggen labari na jarumai da dodanni da matsafa da ɓoyayyar dukiya. Kowane ɗan wasa yakan ɗauki jarumi guda, ya bi da shi cikin dazuzzuka da kogunan dutse, yana yaƙi, yana tara makamai, har ya kai ga abin da aka fita nema. Uban wannan fanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar cikin 1974. Cikin 1983 kamfanin Games Workshop na Ingila ya fito da Talisman, sa'an nan cikin 1989 aka sami HeroQuest, wanda aka juye shi cikin kwamfuta tun 1991. Shi kuwa Talisman ya sami sabon zubi na na'ura cikin 2014.

Wanda ya fi yin tashe a shekarun baya-bayan nan shi ne Gloomhaven, na wani Ba'amurke mai suna Isaac Childres, wanda ya fito cikin 2017. Akwatinsa kaɗai ya kai nauyin kilo 10, yana ɗauke da jarumai iri 17 da fagagen yaƙi 95. Kafin a fara wasa sai an ɓata lokaci mai tsawo ana shimfiɗa allo ana jera kati, in an gama kuma a sake ɓata wani wajen tattarawa. Bugu da ƙari, dole a sami abokan wasa waɗanda za su riƙa haɗuwa mako bayan mako har watanni kafin labarin ya ƙare.

To, waɗannan wahalhalu su ne na'ura ta zo ta ɗauke. Ita ke jera allo, ita ke riƙe lissafi, ita ke motsa dodanni, kuma ba ta mantuwa da ƙa'ida. Wanda ke Kubwa yana iya wasa da wanda ke Gwagwalada ba tare da ɗayansu ya biya kuɗin mota ba.

LISSAFIN ALJIHU

Ga mazaunin Abuja akwai dalilin da ya fi wannan ƙarfi, watau kuɗi. Farashin da aka sa wa akwatin Gloomhaven a Amurka Dala 140 ne, na cikin kwamfuta kuwa da ya fito cikakke a watan Oktoba na 2021 an sa shi Dala 35. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar Naira cikin Yunin 2023, Dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai Naira 500 ba, amma ya zuwa Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. A wannan farashi akwatin ya tashi Naira 210,000, watau albashin wata uku na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙanƙancin albashi na Naira 70,000 da aka tsayar cikin Yulin 2024. Wannan fa ban da kuɗin dako da na kwastan.

Saboda haka, ga yawancin samarin ƙasar nan, zubin na'ura shi ne kaɗai ƙofar shiga. Bature yana jiran zubin kwamfuta ne don ya huta da jeren kati, shi kuwa ɗan Nyanya yana jira ne don ya ga wasan da bai taɓa riƙe akwatinsa ba. Duk da haka ƙofar ba a buɗe take wangame ba. Sai an sami kwamfuta mai ƙarfi, wadda ko ta hannu ce a kasuwar Banex da ke Wuse ba ta araha. Sai an sayi data mai yawa kafin a sauke wasan, sa'an nan ga matsalar wutar lantarki. Har ila yau, cikin 2022 manyan bankuna da dama suka dakatar da sayayya a ƙasashen waje da katin Naira, sai cikin 2025 wasunsu suka sake buɗewa.

YADDA JIRA YA ZAMA JARI

Hanyoyi biyu masu ƙera wasanni ke bi su mai da zumuɗin jama'a kuɗi. Ta farko ita ce karo-karo ta intanet. Mai wasa yakan baje shirinsa a dandali irin Kickstarter, wanda aka kafa a Amurka cikin 2009, ya ce ga abin da yake so ya ƙera, duk mai so ya biya yanzu, ya karɓi kayansa in an gama. Da Childres ya nemi kuɗin Frosthaven, watau ci gaban Gloomhaven, cikin 2020, mutum fiye da 83,000 suka tara masa kusan Dala miliyan 13 cikin wata guda. An yi musu alkawarin kaya cikin 2021, amma sai ƙarshen 2022 aka fara rabawa. Zubinsa na kwamfuta kuwa sai cikin Yulin 2025 aka fara sayar da kashinsa na farko.

Hanya ta biyu ita ce sayar da wasa tun bai nuna ba. Kasuwar wasanni ta Steam ta buɗe wannan tsari cikin 2013. Mutum zai biya, a ba shi abin da aka gama, ya yi ta wasa yana faɗin inda ya ga aibu, masu aiki suna gyarawa. Haka aka yi da Gloomhaven daga Yulin 2019 har sama da shekara biyu. Haka kuma kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya yi da Baldur's Gate 3, wanda aka gina a kan ƙa'idodin Dungeons & Dragons. Ya fara sayar da kashin farko cikin Oktoban 2020, masu saye suka yi haƙurin kusan shekara uku, sai ranar 3 ga Agusta, 2023 wasan ya fito cikakke. Cikin wannan wata an sami lokacin da mutum sama da 800,000 ke yin sa a lokaci guda, a ƙarshen shekara kuma aka ba shi lambar gwarzon wasan shekara.

Amma fa ba kullum ake kwana a gado ba. Biyan kuɗin abin da ba a ƙera ba cinikin biri ne a sama. Cikin 2012 wani mutum a Amurka ya tara fiye da Dala 122,000 don wani wasan allo na dodanni mai suna The Doom That Came to Atlantic City, bayan shekara guda ya ce aikin ya rushe. Sai da hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta kai shi ƙara cikin 2015, kuma wannan ce shari'arta ta farko a kan irin wannan karo-karo. In Ba'amurke yana da hukumar da za ta bi masa kadi, wanda ya aika Dalarsa daga Garki ba shi da inda zai kai kuka. Shawarar da ta dace da mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya bari wasa ya fito, ya ji abin da waɗanda suka taɓa shi ke faɗi, sa'an nan ya buɗe lalitarsa.

ABIN DA NA'URA BA TA IYA ɗAUKA BA

Jama'ar ƙasar nan sun riga sun ga yadda wasan allo ke komawa cikin waya, domin sun gani a kan lido. Wannan wasa asalinsa na Indiya ne, aka yi masa rajista a Ingila cikin 1896, ya zo ya zauna a gidajen Nijeriya kamar ɗan gida. Cikin 2016 wani kamfanin Indiya ya fito da Ludo King a wayar hannu. Da aka kafa dokar zaman gida a Abuja da Legas da Ogun ranar 30 ga Maris, 2020 saboda annobar korona, wannan manhaja ta zama abokiyar hirar gidaje masu yawa.

Sai dai duk wanda ya taɓa zama a majalisar 'yan dara ko ta 'yan dirafti, irin waɗanda ake gani a gindin bishiya a tashoshin mota da bakin kasuwanni, ya san motsa 'ya'ya rabin wasan ne kawai. Sauran rabin shi ne ba'a da gatse, da 'yan kallo masu tsoma baki, da dattijon da zai ce a tashi an kira salla. A majalisa yaro ke koyon yadda ake shan kaye ba tare da fushi ba. Wanda ya kulle kansa a ɗaki da na'ura har asuba ba shi da mai ce masa ya isa, kuma wannan shi ne kukan da iyaye da yawa ke yi.

GUNTUN GATARIN GIDA

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne a cikin Abuja ɗin nan aka sami masu ƙera wasannin tebur da duniya ta san da su. Cikin 2016 Kenechukwu Ogbuagu ya kafa kamfanin NIBCARD Games, wanda ya ƙera wasanni masu yawa a kan rayuwar Nijeriya, ya buɗe wurin zama inda jama'a ke zuwa su yi wasa, ya kuma ƙirƙiro taron masu wasan allo na Afirka da ake kira AB Con. Cikin 2021 kamfanin ya ci lambar yabo ta Diana Jones, wadda ke cikin mafi daraja a wannan fanni. A maƙwabciyar ƙasa Kamaru kuma, kamfanin Kiro'o Games na birnin Yawunde ya nemi gudummawa ta Kickstarter cikin 2015, ya fito da wasan kwamfuta mai suna Aurion cikin Afrilun 2016, wanda aka gina a kan almarar Afirka. Ashe abin ba gagara-badau ba ne.

Ta fuskar kayan aiki kuwa, ƙasar Hausa ba ta da talauci. Ga dara, mai gurabe 30, layi biyar na shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. A fara dasawa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a shiga turawa, duk wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Babu jefa ƙwaya a cikinta, babu sa'a, sai zurfin tunani, don haka ta kuɓuta daga ƙyamar da malamai da yawa ke yi wa wasannin da suka yi kama da caca. Masu bincike a Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan sun riga sun shigar da ita cikin rumbunsu na kwamfuta mai suna Ludii, tare da ɗaruruwan wasannin gargajiya na duniya.

Ga kuma labarai. Tun gasar rubutu da aka shirya a Zariya cikin 1933 aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Na farko labarin doguwar tafiya ce ta neman ruwan magani, na biyu na jarumin da yaƙi ya kai shi har ƙasar aljanu, watau dai irin ƙashin bayan da ake gina wasan almara a kai. Ga Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, ga yaƙe-yaƙen Sarauniya Amina, ga Gizo da Ƙoƙi. Ita kanta Abuja ta gaji sunanta ne daga Abu Ja, sarkin Zazzau na Haɓe wanda ya kafa garin da yanzu ake kira Suleja cikin 1828, ga kuma Dutsen Zuma da almarorin da ke kewaye da shi.

Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan hannuwa wuri guda: marubutan Hausa, da masu zane, da masu rubuta manhaja, da masu ƙera wasan tebur. Dole kuma a yi aikin daidai da halin ƙasa, watau wasa mara nauyi wanda ƙaramar waya za ta ɗauka, wanda ake yi ko babu intanet, ake biya da Naira, ake kuma iya miƙa waya daga hannu zuwa hannu a cikin majalisa. Wanda zai nemi kuɗin jama'a tun kafin ya gama aiki, wajibi ne ya faɗi ranar gamawa, ya kuma riƙa nuna inda aka kwana, domin amana ɗaya in ta karye, waɗanda za su biyo baya ba za su sami mai saurarensu ba.

Su kuma 'yan wasa da ke iya haƙurin shekara uku suna jiran kamfanin Beljiyam, ba zai gagare su ba su sayi wasan da aka ƙera a Abuja, su gwada shi, su faɗi aibunsa don a gyara. Childres da ya tara miliyoyin Daloli cikin 2020, da mutum ƙasa da 5,000 ya fara a karo-karon Gloomhaven na farko cikin 2015. Hausawa dai sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.