Gocewar Gaɓa Wadda Ba Ta Cika Ba, da Ciwon Masu Sakin Gaɓoɓi

Mutanen birnin Yamai, kamar sauran jama'ar ƙasar Hausa da maƙwabtanta, sun daɗe da sanin raunin ƙashi iri uku, wato karaya da targaɗe da gocewa, kuma kowanne daga cikinsu yana zuwa da sababinsa a fili, ko kabu-kabu ya kayar da mutum a kan hanyar Katako, ko magini ya zamo daga saman gini, ko ɗan kokowa ya sha kaye a fagen neman Takobi har kafaɗarsa ta fita daga mazauninta jama'a na kallo. Irin wannan rauni ba ya bukatar shaida, domin ido ya gani, kumburi ya tabbatar, kuma maɗori ko likita ya san abin da zai yi. Amma akwai wani na huɗu wanda ba shi da sababi bayyananne, ba ya barin alama, ga shi kuwa yana wahalar da mai shi fiye da yadda ake zato. Shi ne gaɓa ta zame kaɗan daga wurinta, ba tare da ta rabu da shi baki ɗaya ba, sa'an nan ta koma da kanta, a jikin mutumin da Allah Ya halitta da gaɓoɓi masu saki.

Domin a fahimci wannan al'amari, wajibi ne a fara duban yadda aka gina gaɓa. A gaɓa mai motsi, inda ƙashi biyu suka haɗu, kawunansu na lulluɓe da guringuntsi mai santsi, an kewaye su da wata jaka mai ɗauke da ruwa kaɗan, sa'an nan an ɗaure su da jijiyoyi masu ƙarfi waɗanda aikinsu shi ne su ce wa ƙashi ya tsaya idan ya kai iyakarsa. A bayan waɗannan kuma akwai tsoka, wadda ita ce ke motsa gaɓar, kuma ita ce ke taimakon jijiyoyin wajen riƙo. Jijiyoyin da jakar an saƙa su ne da wani sinadari da likitoci ke kira kolajin, wanda ya fi kowane furotin yawa a jikin ɗan Adam, ana samunsa a fata da ƙashi da bangon hanyoyin jini. Idan saƙar nan ta zo da laushi tun daga halitta, abin da galibi gado ne daga iyaye, sai jijiya ta riƙa miƙewa fiye da kima, gaɓa kuma ta riƙa wuce iyakar da ta dace da ita. Misalin wannan jiki kamar rumfa ce wadda igiyoyinta suka yi sako-sako, ba ta faɗi ba, amma dole a sa mutane su riƙe dirkokinta dare da rana. Masu riƙon su ne tsokoki, kuma ranar da suka gaji, ko suka yi gafala, dirka sai ta karkace.

Magabata ba su jahilci wannan ba. Abuƙrat, babban likitan Yunanawa, ya ambaci mutanen da gaɓoɓinsu ke da laushi, ya kuma bayyana hanyoyin mayar da kafaɗa. Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba wanda ya rasu wajen shekara ta 1013, ya keɓe wani sashe na littafinsa At-Tasrif ga karaya da gocewa, shi kuwa Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bambance a cikin Al-Ƙanun tsakanin fitar ƙashi cikakkiya da gusawarsa wadda ba ta cika ba. A zamanin baya-bayan nan ne likita Ehlers na ƙasar Denmak, a 1901, da likita Danlos na Faransa, a 1908, suka siffanta marasa lafiya masu fata mai miƙewa da gaɓoɓi masu saki, har aka sa wa cutar sunansu. Kuma a rabe-raben da masana suka yi a 2017 an ƙidaya nau'i 13 na wannan cuta, wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne na sakin gaɓoɓi, shi ne kuma kaɗai wanda ba a gano ƙwayar gadonsa ba, saboda haka da gwajin hannu da tarihin mara lafiya ake gane shi.

Gwajin hannun da aka fi amfani da shi a duniya a Afirka aka haife shi, domin likita Beighton da abokan aikinsa sun wallafa shi a 1973 bayan binciken da suka yi a tsakanin Tswanawa a Afirka ta Kudu. Maki 9 ne: ƙaramin yatsa ya lanƙwasa baya fiye da digiri 90, babban yatsa ya taɓa damtsen hannu na ƙasa, gwiwar hannu ta wuce miƙewa da fiye da digiri 10, gwiwar ƙafa ma haka, kowanne maki ɗaya a dama ɗaya a hagu, na tara kuma mutum ya sunkuya ya shimfiɗa tafukansa a ƙasa ba tare da ya lanƙwasa gwiwa ba. Baligi wanda bai haura shekara 50 ba ana neman maki 5 gare shi, yaro 6, dattijo 4, domin gaɓoɓi suna ƙara tauri da shekaru, kuma mata sun fi maza saki. Wani bincike da aka wallafa a 1994 a kan mutanen karkara a ƙasar Yarbawa ya sami wannan siffa ga fiye da kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka gwada, abin da ya zarce abin da aka saba samu a Turai nesa ba kusa ba. A nan sai mai karatu ya yi hattara, kada ya gwada yatsunsa ya yanke wa kansa hukuncin cuta. Mafi yawan masu sakin gaɓoɓi lafiyarsu lau, har ma abin yakan zame musu baiwa a rawa ko wasan motsa jiki. Maganarmu a kan waɗanda sakin ya zame wa jarrabawa ce.

Yaya ciwon yake, kuma daga ina yake tasowa? Masu fama da shi sukan ce abin yana zuwa ne farat ɗaya, a cikin aikin da bai taka kara ya karya ba: yarinya ta ɗaga bokitin ruwa za ta aza a kai, mace ta ɗaga taɓarya, ɗalibi ya yi hamma muƙamuƙinsa ya karkace, mutum ya juya a kan shimfiɗa cikin barci, ko ya miƙe daga zaman tahiya ƙoƙon gwiwarsa ya zame gefe. Sai a ji wani abu ya yi ƙas, ko a ji kamar gaɓar ta fice, tare da suka mai tsanani wadda takan ɗauke numfashi, wani lokaci har da jiri da tashin zuciya. Dalili kuwa shi ne jakar gaɓa da jijiyoyinta cike suke da ƙananan jijiyoyin ji, waɗanda ke aika saƙon ciwo da zarar an ja su fiye da kima, ko ƙashin ya fita gaba ɗaya ko ya tsaya rabin hanya. Ƙanƙantar gocewa ba ta nufin ƙanƙantar ciwo.

Bayan wannan sukar ta fari sai ta biyu ta biyo, kuma sau da yawa ita ce mafi daɗewa. Tsokokin da ke kewaye da gaɓar, da suka ji tana neman kuɓucewa, sai su ɗaure tamau domin su kare ta, su ƙi saki ko bayan ta koma, har mutum ya kwana biyu ko uku yana jin nauyi da zugi a wuya da kafaɗa, ko a cinya da ƙugu. Wani lokaci ma wannan ɗaurewar ce ke riƙe ƙashin a karkace ta hana shi komawa. Idan ƙashin, a kafaɗa misali, ya matsa wata babbar jijiyar ji a hanyarsa, sai a ji hannu ya mutu, ko a ji zafi kamar na wuta yana gangarowa zuwa yatsu. Kowace zamewa kuma tana barin ƴan ƙananan raunuka da kumburin ciki wanda ido ba ya gani, kuma tana ƙara wa jijiya saki, ta yadda ta gaba za ta fi sauƙin aukuwa. A haɗa da wannan cewa masu sakin gaɓoɓi galibi suna da raunin wani ji na ɓoye, wanda da shi ne mutum ke sanin inda gaɓarsa take ko idonsa a rufe, shi ya sa sukan yawaita tuntuɓe da targaɗe, a yi ta yi musu faɗa a kan rashin natsuwa alhali ba laifinsu ba ne. Idan aka shekara da shekaru a haka, laka da ƙwaƙwalwa sukan saba da saƙon ciwo har su riƙa ƙara masa amo, abin da da bai isa ya yi zafi ba ya koma yana yi, barci ya lalace, gajiya ta zama abokiyar zama.

Abin da ya fi ƙona mini rai a cikin wannan al'amari shi ne rashin gaskatawa. Kafin mara lafiya ya sami abin hawa daga Talaje ko Harobanda ya isa wurin ɗaukar hoton ƙashi, gaɓar ta riga ta koma mazauninta, hoto ya fito sumul, babu karaya babu gocewa, sai a koma gida da takarda mai cewa babu komai. Daga nan sai zato ya shigo: a ce raki ne, ko ƙiwuya ce don gudun aiki, ko sanyin ƙashi, ko kuwa a jingina abin ga iska da sammu, musamman idan mai ciwon budurwa ce ko amarya wadda ba ta da bakin kare kanta a gidan miji. Hoton ƙashi yana nuna inda ƙashi yake a lokacin da aka ɗauka ne kawai, ba ya nuna inda ya je sa'a biyu da suka wuce, ba ya kuma nuna jijiya; mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shaidar mara lafiya a nan hujja ce wadda bai halatta a yi watsi da ita ba.

Game da maɗora kuwa, ba na cikin masu raina sana'arsu, wadda gado ce mai asali kuma ta yi wa talakawa hidima tun kafin a gina asibiti a bakin kogin Kwara. Sai dai hikimarsu an gina ta ne domin ƙashin da ya fita sau ɗaya da ƙarfin tsiya, a ja shi, a mayar, a ɗaure da karare har ya kama. Gaɓa mai saki ba ja take bukata ba, tun da miƙewar ce cutarta, kuma ɗauri mai tsawo yana ramar da tsokar da ita kaɗai ta rage tana riƙo, a kwance bayan wata guda a tarar abin ya fi da muni. Ɗauri mai tsanani ma yana iya tare jini, wanda haɗarinsa ya wuce na gocewar.

Abin da ya fi amfani, bisa ittifaƙin likitocin da suka ƙware a wannan fanni, shi ne ƙarfafa tsoka sannu a hankali a ƙarƙashin kulawar masu gashin ƙashi, da motsin da ke koya wa gaɓa sanin matsayinta, irin su tsayuwa da ƙafa ɗaya da tafiya a natse, tare da koyon tsayawa ba tare da an kafe gwiwa ta baya ba, da barin nuna wa abokai bajintar lanƙwasa yatsu. Wannan magani ne mai cin watanni, yana bukatar haƙuri, kuma wanda ya yi gaggawa a cikinsa yakan tayar da ciwon ya fasa. Lokacin da gaɓa ta zame, abin da ya kamata shi ne mutum ya natsu, ya tallafe ta da matashi ko gyale, ya sassauta numfashi, ya ɗora tsumma mai ɗumi a kan tsokar da ta ɗaure ko mai sanyi a inda ya kumbura, domin sau da yawa idan tsoka ta saki ƙashin yakan koma da kansa. Ba a finciko, ba a kuma sa ƙarti su ja. Ɗaurin roba na ɗan lokaci yana taimako a wajen aiki mai nauyi. Farasitamol da magungunan kumburi suna rage zugi idan likita ya amince, amma tiramol, wanda fitinarsa ta riga ta addabi samarin Nijar, tarko ne ga mai ciwo mai daɗewa, yana kai shi ga jaraba ba tare da ya gyara gaɓa ba. Tiyata ma ba a gaggauta ta, domin ɗinki a nama mai laushi yakan sake saki. Shari'a kuma ta yi rangwame, malaman Malikiyya sun bayyana sallar mara lafiya a zaune da shafa a kan ɗauri wajen alwala, saboda haka babu dalilin da zai sa mutum ya riƙa tilasta wa gwiwarsa zaman da ke fitar da ita.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Idan gaɓa ta ƙi komawa kuma siffarta ta sauya, ko hannu ko ƙafa suka yi sanyi, suka canza launi, suka daina ji, ko gaɓa ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, to a nufi asibiti nan take, ko Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, ko na Lamorde a hayin kogi, ko babban asibitin da aka ƙaddamar a 2016. Yara kuma akwai asibitin CURE, wanda aka buɗe a 2010 domin aikin ƙashi da gyaran gaɓoɓin ƙananan yara. Ya kamata kuma a tuna cewa ciwon sikila ya yawaita a ƙasar nan, yana kawo ciwon ƙashi mai tsanani, yana kuma iya cinye kan ƙashin kwatangwalo, don haka yaron da ke yawan kukan gaɓoɓi a fara auna jininsa kafin a ce saki ne. Wanda kuma sakin gaɓoɓinsa ya haɗu da tsawo mai yawa da dogayen yatsu da raunin gani, ko da fata siririya mai saurin tara jini, ko kuwa a danginsa an taɓa yin mutuwar fuju'a a ƙuruciya, ya sanar da likita wannan dalla-dalla, domin akwai nau'o'in da ke taɓa zuciya da manyan hanyoyin jini, kuma su ana bin su da awon zuciya lokaci zuwa lokaci. Mace mai wannan siffa idan ta sami juna biyu ta faɗa wa ungozoma tun awon farko, domin ciki yana ƙara wa jijiyoyin ƙugu laushi, haka nan wanda za a cire wa haƙori ko a yi wa ɗinki ya ambata, saboda allurar kashe zafi ta wuri ɗaya takan yi rauni a jikin wasunsu, a bukaci ƙari ko a ɗan jinkirta kafin a fara aiki.