Laima a Gindin Bango, da Maganar Fentin Ifoksi

Maganarmu ta yau a kan laima ce, wadda ke cin gindin bango da daɓen ɗaki. Duk mai gida a Roni, ko Kazaure, ko Gwiwa, ya san ta. Idan marka ta kankama a watan Agusta sai ka ga bango ya yi duhu daga ƙasa har wajen kamu biyu, tabarma ta yi sanyi, fumfuna ta kama littattafai a cikin gafaka, hatsi ya soma wari. Wannan kuwa shi ne mai sauƙi. Mai tsanani shi ne bango ya jiƙa ya zauna a kan masu barci, kamar yadda aka yi ta gani a Jihar Jigawa a daminar 2022. Allah ya kiyaye.

Ku sani ruwan da ke kashe bango ba na sama kaɗai ba ne. Ƙasarmu ta duwatsu ce da tuddai, ba kamar Babura mai rairayi ba, inda ƙasa ke shanye ruwa da wuri. A nan ruwa yakan gangaro daga dutse ya kwanta a unguwar da ke kwari, sa'an nan bango ya riƙa jansa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Ruwan yana tafe da gishirin ƙasa. In ya bushe sai gishirin ya tsaya a fuskar bango fari fat, ya riƙa marmashe yaɓe. Tsofaffin gidaje sun fi shan wahala, domin hanya tana ƙara tudu shekara da shekaru, har zaure ya koma sai an sauka ake shigarsa. Irin wannan ɗaki ɗan'uwa ne ga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da mutanen Ingila da Amurka ke haƙawa a gindin gidajensu, kuma ciwonsu ɗaya.

To, daga can ne aka samo maganin da masu fenti ke yabo yanzu, watau ifoksi. Wani masani na ƙasar Suwizalan, Pierre Castan, shi ya haɗa shi wajen 1936 yana neman abin gyaran haƙora, kuma a 1946 kamfanin Ciba ya fitar da shi kasuwa da sunan Araldite, gam ɗin nan da ake liƙe fasasshen kaya da shi. Na shafe ɗaki danginsa ne. Gwangwani biyu yake zuwa, ɗaya ƙaro, ɗaya mai daskarar da shi. Kowanne shi kaɗai ba ya aiki. In aka gauraya su bisa ma'aunin da aka rubuta a jiki, sai su ɗau zafi su sandare, su zama fata mai ƙarfi da santsi wadda ruwa ba ya ratsawa. Mai shafawa ba shi da lokaci mai yawa bayan gaurayawa, abin kamar rabin sa'a ne, a zafinmu ma bai kai ba. Sau biyu ake shafawa, kuma sai ya yi kamar kwana 7 kafin ya gama ƙwari. Warinsa yana da illa, yana kuma cin fata, saboda haka a buɗe taga, a sa safar hannu, a kori yara.

Ba na musun amfaninsa. Amma yana da sharuɗɗa, kuma mai sayarwa ba kullum yake faɗarsu ba. Siminti yake kamawa, mai lafiya, wanda aka kankare aka share, babu mai babu tsohon fenti. Sabon daɓen siminti sai ya cika kwana 28. Kafin a kashe ko kwabo, a sami leda a shimfiɗa a daɓen, a liƙe bakinta duka, a bar ta kwana guda. In an ɗaga an ga ta yi gumi, ko simintin ya yi duhu, to ruwa na tahowa daga ƙasa. Wanda ya shafa a haka, ruwan zai turo fentin daga baya ya yi bororo, ya ɓare kamar ɓawon albasa. Akwai irin da aka yi domin siminti mai ɗan danshi, amma shi ma ba ya tare ruwa mai tsattsafowa ta tsaga, sai an toshe tsagar tukuna.

Ginin ƙasa kuwa, ina roƙonku kada ku kai masa wannan fenti. Bangon tubali yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani, da haka yake rayuwa. In ka rufe fuskarsa da abin da ruwa ba ya fita, laimar ba ta tafi ko'ina ba, ɓuya ta yi. Sai ta ƙara hawa sama, cikin bango ya zama taɓo, alhali waje yana ƙyalli, mai gida yana murna. Mun riga mun ga misalin haka ga yaɓen siminti a kan bangon ƙasa: ka ƙwanƙwasa ka ji fanko, gara ta yi gida a baya, wata rana ya zubo falle guda.

Magabata ba su jahilci wannan mas'ala ba. Suna jiƙa ɓawon ɗorawa su sami makuba, su kwaɓa ƙasar yaɓe da ita, su yayyafa ta a daɓe ana bugu da madaɓi har ya yi ja ya yi tauri. Suna da laso kuma, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da ruwan dafara. Da shi ake shafe rufin soro, da shi ake shafe cikin rijiyoyin rini irin na Ƙofar Mata a Kano, su riƙe ruwan baba a cikin ƙasa shekaru masu yawa. Makuba tana kore ruwan sama, ba ta kuwa hana bango bushewa. Aibinta ɗaya, tana son sabuntawa a kai a kai, ga ɗorawa tana ƙaranci domin masu sara sun fi masu dashe yawa. Wannan wata magana ce ta wata rana.

Ko gidanka na bulo ne ko na ƙasa, daga waje ake soma aiki. A duba indararo, ya zama yana jefa ruwa nesa da bango, ba a gindinsa ba. A tayar da dakali mai gangare, a cika kwarin da ruwa ke kwanciya da birji, a yashe kwata tun kafin ruwan fari, a shawarci maƙwabci domin kada ruwanka ya koma kansa. Mai sabon gini ya ɗaga harsashi sama da hanya, ya shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba daɓe, kuɗinta bai kai na gwangwanin ifoksi ba. Wanda ya gama waɗannan, ɗakinsa na siminti ne, kuma ledar gwaji ta fito a bushe, shi ne zai sayi fentin. Ya jira har hunturu ya busar da ginin, ya shafa a watan Fabrairu ko farkon Maris, da sassafe kafin rana ta yi zafi.