Ƙwayoyin Da Ke Gadin Saiwar Kokwamba

'Yan'uwanmu masu lambu a fadamun Ikko da Badun sun san wannan ɓacin rai: kokwamba ta yi kore shar, rana na takewa sai ta yi yaushi, in an tuge a tarar saiwa ta ruɓe. Ba ƙishirwa ba ce. Wata irin fumfuna ce ta cikin ƙasa, masana na kiran irinta Fusarium da Pythium, kuma yawan ban ruwa ƙara mata ƙarfi yake yi.

To, ashe abokan gabarta ma cikin ƙasa suke, watau bakteriya masu amfani irin su Bacillus subtilis. Su kan lulluɓe saiwa, su riga fumfuna cinye abincin da ke wurin, su kuma fitar da dafin da ke hana ta yaɗuwa.

Amma fa a kula, rigakafi ne kurum. A kan cuɗa iri da su kafin shuka, ko a zuba a gindin dashe. Wadda ta riga ta ruɓe kam sai tugewa. Da yake kuwa masu rai ne, kada a sayi ƙunshin da ya wuni a rana kan teburin mai tireda.