Dandamali a Cikin Kurkukun Sing Sing

A garin Ossining na jihar New York, a bakin kogin Hudson, akwai wani tsohon gidan yari mai tsananin tsaro da ake kira Sing Sing. A 1996 wata mata, Katherine Vockins, ta fara shiga wurin tana taya fursunoni shirya wasan kwaikwayo. Daga nan ƙungiyar RTA ta samo asali, mai gyaran hali ta hanyar wasa da zane da kiɗa.

Labarin ƙungiyar ne Greg Kwedar ya mayar fim mai suna Sing Sing, aka fara haska shi a bikin finafinai na Toronto a 2023. Colman Domingo ne jarumi, amma yawancin 'yan wasan tsofaffin fursunoni ne da suka fito a matsayin kansu. Cikinsu har da Clarence Maclin, wanda ya shafe shekara 17 a ɗaure kan laifin fashi.

Wani zai ce, ɗan fashi kuma da wasa? Sai an san zaman kurkuku za a gane hikimar. A can, wanda ya nuna rauni ya zama nama. Kowa ya murtuke fuska, yana tafiya da ƙirji a gaba, ba dariya ba kuka. Ashe tun farko wasan kwaikwayo suke yi, na taurin zuciya, dare da rana. A ɗakin gwaji ne mutum ke samun damar sauke wannan kaya. Dole ya haddace maganarsa, ya jira abokinsa ya gama tasa, a gyara masa kuskure a gaban jama'a ya haɗiye fushi. In ya ƙi zuwa gwaji, ya ɓata wa kowa aiki. Da yawansu ba a taɓa dogara da su a kan wani abin kirki ba sai a nan.

Wasan da suka shirya a fim ɗin ma na barkwanci ne: wani ɗan Masar ta dā na neman mahaifiyarsa, yana cin karo da 'yan fashin teku da kaboyi har da Hamlet. Da gaske an taɓa yin sa a gidan a 2005.

RTA ta ce ƙasa da kashi 3 cikin ɗari na 'ya'yanta ne ke komawa kurkuku, alhali a faɗin Amurka adadin ya kai kusan kashi 60. A ɗan yi hattara da lissafin, domin mai kai kansa ɗakin gwaji dama ya fara neman shiriya. Duk da haka tazarar ta fi ƙarfin a yi watsi da ita.

A Najeriya, tun 2019 doka ta sauya wa gidajen yari suna zuwa gidajen gyaran hali. Sunan ya yi kyau. Ya kamata masu hukuma da 'yan Kannywood su kalli fim ɗin nan, don abin da aikin ke bukata bai wuce ɗaki ɗaya da malami mai haƙuri ba.