Hoton Tsiraici na Bogi: Me Doka Ta Ce, Me Za Ku Yi?

Wayar da kuke tallata haja da ita, kuke gaisawa da dangi a ƙetaren iyaka, da ita ce kuma wasu ke zubar wa mutane mutunci. A yau akwai manhajoji masu aiki da ƙirƙirarriyar basira da ke ɗauko fuskar mutum daga hoton biki ko na suna, su ɗora ta a kan jiki tsirara. Mai fuskar bai taɓa ɗaukar irin wannan hoto ba, amma wanda ya gani sai ya rantse shi ne. Mata da 'yan mata ne abin ya fi shafa. Aure kan mutu, yarinya ta ƙaurace wa makaranta, 'yar kasuwa ta rasa abokan ciniki, damuwa kuma ta hana mutum barci da cin abinci.

Abin da dokoki suka tanada

A Amurka, inda hedikwatar kamfanin Facebook da Instagram take, an sa hannu a kan dokar Take It Down ranar 19 ga Mayu, 2025. Ta haramta wallafa hoton tsiraicin mutum ba da yardarsa ba, na gaske ne ko na bogi, ta kuma wajabta wa kafafen sada zumunta su cire shi cikin awa 48 bayan an kai musu koke. A Faransa, dokar watan Mayun 2024 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 da tarar yuro 75,000 ga wanda ya yaɗa hoton bogi a intanet. Koriya ta Kudu ta ƙara tsanantawa a 2024: ko ajiye shi ko kallonsa da gangan laifi ne.

A nan yankinmu, dokar tsaron intanet ta Gana ta 2020 ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 3 ga mai yaɗa hoton tsiraicin wani ba da yardarsa ba. Nijeriya tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2015, Nijar kuwa tun 2019.

Idan abin ya faɗo muku

Kada ku biya mai barazana ko sisi, domin wanda ya karɓa yau zai dawo gobe. Ku adana lambarsa, da saƙonninsa, da ranar da ya aiko su, ku kai wa 'yan sanda ko jandarma. Ku kai koke ga kafar da aka sa hoton. Masu shekara 18 zuwa sama za su iya amfani da shafin StopNCII kyauta: yana ɗaukar wata alama ta musamman daga hoton ba tare da hoton ya bar wayarku ba, kafafen da ke aiki da shi kuma su toshe shi. Idan damuwa ta yi nauyi, ku je wurin ma'aikacin lafiya.

Idan kuwa hoton wata ya shigo wayarku, kada ku tura wa kowa, ko da da niyyar tambaya ce. Duk wanda ya tura ya taya mai laifi aiki.

Ya ku iyaye da mazaje, idan 'yarku ko matarku ta zo muku da kuka, ku fara da saurarenta kafin ku yanke hukunci. Abin kunyar yana kan wanda ya haɗa hoton, ita kuwa zaluntarta aka yi.