Mai Zanen Kwaɗi da Ya Rasu a Wagadugu

Ranar 17 ga Maris 2015, kwana 10 da rufe bikin fina-finai na FESPACO, baƙi sun watse, gari ya koma hidimarsa, Allah Ya yi wa Mustafa Alasan rasuwa a nan Wagadugu. Jaridun Yamai da na Faransa sun buga labarin, 'yan fim sun yi ta'aziyya. Amma a Tanghin da sauran unguwannin da Hausawa ke zaune, da wuya ka sami majalisar da aka tayar da zancen. Ga shi kuwa mutumin ya shafe sama da shekara 50 yana ɗauko tatsuniyoyin da kakanninmu ke yi mana da dare, da mugayen sarakunansu da aljanun ruwansu, yana sa su motsi a kan farin ƙyalle.

An haife shi a 1942 a ƙauyen N'Dounga da ke bakin kogin Kwara, kusa da Yamai. Sana'ar da ya fara koya makanikanci ce. Tun kafin ya san yadda ake sarrafa kyamara yana nuna wa yaran garinsu silima irin tasa: akwati, fitila, da siffofin da ya zana ya yanka da hannunsa, inuwarsu na yawo a bango. Hannun zanen nan shi ya kai shi cibiyar bincike ta IFAN a Yamai, inda ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch, mai ɗaukar fina-finan al'adun Zabarmawa da masu bori. Rouch ya ga abin da yaron ke iyawa, ya buɗe masa ƙofa. Daga nan hanya ta kai shi Kanada, wurin Norman McLaren, gwanin da ya yi suna wajen zana hoto kai tsaye a jikin zaren fim ba tare da kyamara ba.

A 1962 ya fitar da Aouré, kan bikin aure a wani ƙauyen Zabarmawa, da kuma Zoben Sarki Koda, wato La Bague du roi Koda. Wannan na biyun duk wanda ya taso a gidan da ake tatsuniya zai gane shi. Azzalumin sarki ya ba wani masunci zobe ajiya, da sharaɗin in ya ɓata a bakin ransa, sannan ya bi ta bayan gida ya sa matar masuncin ta sato zoben aka jefa a kogi. Ranar da za a yi hisabi sai ga zobe a cikin kifi.

Amma abin da ya sa sunansa ya zauna a tarihi kwaɗi ne. A 1965 ya yi La Mort de Gandji, wanda ake lissafawa cikin zane mai motsi na farko-farko da ɗan Afirka ta kudu da Sahara ya yi, ya kuma ci kyauta a babban bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. A shekarar ne ya fitar da Bon Voyage Sim, fim na kamar minti 5 kacal. Sim shugaban jamhuriyar kwaɗi ne, an gayyace shi ziyarar aiki wata ƙasa. Ga faretin soja, ga jirgin sama, ga masu fada a ji sun jeru, ga jawabi, kuma duk kukan kwaɗi ne. Shekara 6 ke nan da samun 'yancin kai, shugabanninmu na ta kai wa juna ziyara cikin jerin gwanon motoci, sai ga wani matashi da alƙalami ya nuna yadda abin yake a idon talaka. Duk wanda ya kwana a Tanghin da damina, ya ji yadda kwaɗin madatsar ruwa ke raba dare suna amsa wa juna, zai san inda ya samo muryar 'yan fadar Sim. 

A duba wahalar aikin. Fim na tafiya ne da hoto 24 a daƙiƙa guda. Minti 5 ke nan hoto 7,200. Ko da an ɗauki kowane zane sau biyu, kamar yadda masu sana'ar kan yi don rage aiki, dubban zane ne, kowanne ya ɗan gusa daga na bayansa. A Amurka ma'aikata ɗaruruwa ke zama a kan irin wannan. Shi kuwa kusan shi kaɗai ne, da kayan da ya harhaɗa, kuma in na'ura ta ƙi ya kwance ta ya gyara, tun da makanike ne.

Bai tsaya kan zane ba. Le Retour d'un aventurier na 1966 labarin saurayi ne da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauye. A ciki aka fara sanin Zalika Sule da Jingarai Maiga. A 1969 ya ɗauki mai ba da labari Albarka Cibau yana zuba tatsuniya da Hausa a fim ɗin Deela. A 1972 ya yi F.V.V.A., kan ma'aikacin da son mace da gida da mota da kuɗi ya kai shi ya baro, kuma Sotigi Kuyate na Burkina ya fito a ciki. A shekarar ce wani ɗan Nijar, Umaru Ganda, ya ɗauki kyautar Dokin Yennenga ta farko a FESPACO.

A ganina wanda ya fi ratsa jiki shi ne Toula, da ya yi tare da Bajamushiya Anna Soehring daga labarin da Bubu Hama ya rubuta. Fari ya ci ƙasa, rijiyoyi sun ƙafe, boka ya ce aljanin ruwa ba zai saki ruwa ba sai an ba shi budurwa, ƙuri'a kuma ta faɗa kan 'yar gidan sarauta. Saurayinta ya bazama neman ruwa don ya cece ta, ya dawo an riga an gama. Tsoron da ke cikin fim ɗin bai zo daga dodon ba. Ya zo ne daga ganin mutanen kirki sun taru sun amince a kashe yarinya, kowa na cewa ba yadda za a yi. An yi shi ne a tsakiyar babban farin farkon shekarun 1970, wanda ya halaka dabbobin Sahel, ya kuma taimaka wajen kifar da gwamnatin Diori Hamani ta Nijar a 1974. Masu kallo a lokacin ba tatsuniya suka gani ba.

Ya jagoranci sashen silima a Jami'ar Yamai shekara 15, daga baya ya tare a Tawa, ya buɗe otal, ya mai da wani sashe nasa wurin aiki. Can ya ci gaba da ƙera 'yan tsana da hannu, irin waɗanda ya yi amfani da su a Samba le grand na 1977 da kuma Kokoa, inda kwaɗi da hawainiya ke shiga fili su kama kokawa, 'yan kallo na ihu kamar a gasar kokawa ta takobi. Da kwamfuta ta zo bai ce ya tsufa ba, ya zauna ya koye ta, yana koya wa matasa. A 2007 Faransa ta ba shi lambar girma ta Légion d'honneur a bikin Cannes. A 2017, shekara 2 da rasuwarsa, gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York ya ware kwanaki yana nuna fina-finansa.

To, a nan gizo ke saƙar. Ɗalibin fim a New York ya ga Sim, yaron Tanghin bai gan shi ba. Ka tambayi matasanmu zane mai motsi na Afirka, in an yi sa'a su ce Kirikou, wanda Bafaranshe Michel Ocelot ya fitar a 1998, shekara 33 bayan Gandji. Ba laifin yaran ba ne, abin da aka sa musu a waya da talabijin shi suke kallo. Matasan da ke zane mai motsi yau a Wagadugu da Yamai da Kano kan hanyar da ya share suke tafiya, ko sun san sunansa ko ba su sani ba.

Fina-finan nan gajeru ne, wasunsu ma ba sa bukatar fassara, don kwaɗo ba ya jin Faransanci. Masu shirya FESPACO da masu silimar tafi-da-gidanka su fito da su daga ɗakunan taro su kafa farin ƙyalle a filin unguwa. Gidajen talabijin na Nijar da Burkina da arewacin Najeriya su sa wa Toula da Zoben Sarki Koda murya da Hausa, su nuna wa yara da yamma. Allah Ya ji ƙan Mustafa Alasan, Ya sa ya huta.