Masauki da Cimar Bahaushe a Birnin da Ba Nasa Ba

Abubuwa biyu ne kan fara damun Bahaushe in ya sauka a baƙon birni, watau inda zai kwana da abin da zai sa a bakinsa. Mutumin Achilafiya ta ƙasar Kazaure, ko na Roni ko Gwiwa ko Ɓaɓura, in ya tafi cin rani Kano ba ya shan wahalar ɗayansu, domin duk inda ya juya 'yan'uwa ne. Amma da zarar ya gangara Kurmi, ko ya ƙetara Kumasi ko Ankara, ko asibiti ya kai shi Indiya, sai maganar ta sake. Wannan maƙala za ta duba yadda matafiyan Hausa suka warware matsalolin nan biyu tun zamanin fatauci, da abin da ya rage na dabarunsu.

A zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, ayari kan yi watanni a hanya ƙarƙashin madugu kafin ya isa Salaga. Inda ayari ya yada kaya shi ake kira zango, kuma wannan suna ne ya bi unguwannin Hausawa na Gana har yau. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 'yan kasuwa suka watse zuwa Kete-Karaci da Kumasi da sauran garuruwa, suka tafi da tsarinsu na saukar baƙi. Haka nan a ƙasar Yarbawa: jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa unguwar Sabo ta Badun a 1916.

Ginshiƙin wannan tsari shi ne fatoma, wanda a wurare da yawa ake ce wa maigida. Falke ba ya zaɓen ɗaki, mutum yake zaɓa. Maigida ne zai ba shi makwanci, ya adana masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ɗauki kayansa bashi, ya kuma yi masa tafinta. Galibi baƙo ba ya biyan kuɗin kwana, domin ribar maigida tana cikin la'adar cinikin da aka yi ta hannunsa. Saboda haka mutuncinsa shi ne jarinsa; in ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai riga shi isa Arewa, baƙi su ƙaurace masa. Abner Cohen ya yi bayanin wannan tsari dalla-dalla a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo. Abin lura shi ne matan maigida ne ke dafa wa baƙi, watau wanda ya dace da masauki ya dace da tukunya.

To, me ya sa tukunya ta zama abin damuwa haka? Bahaushe ba shi da kalma guda ta mutumin da ba ya cin nama da gangan, domin a al'adarsa rashin nama alamar rashi ce. A Ingila kuwa tun 1847 aka kafa ƙungiyar marasa cin nama, a Indiya ma addinin jama'a da dama ne ya hana su. Duk da haka matafiyi Bahaushe kan wayi gari ya shiga sahunsu, don shakkar yanka. In bai san wanda ya riƙe wuƙar ba, sai ya haƙura da naman baki ɗaya. Malamai suna da maganganu a kan yankan Ahlul Kitabi, amma yawancin fatake ba su tsaya jiran fatawa ba. A yau an sami ƙarin wani rukuni, watau waɗanda likita ya hana wa jan nama.

Dabara ta farko ita ce guzuri. In aka cire kilishi, kusan duk guzurin Bahaushe ba nama a cikinsa: ƙuli-ƙuli, da daƙuwa, da nakiya, da garin rogo, da gumba, da busasshen zogale ko rama da za a jiƙa a yi kwaɗo, ga yaji da daddawa a ƙulle. Waɗannan ba sa lalacewa da wuri, ba sa kuma neman wuta mai yawa. Sai dai mai shiga jirgin sama ya sani ƙasashe da yawa suna hana shiga da nama da ɗanyen tsiro, kilishi ma kan ƙare a hannun ma'aikatan kwastan.

Dabara ta biyu ta fi ban sha'awa. Matan zango sun dafa abincin gida sun fito da shi bakin titi, har ya zama na 'yan ƙasa. Wanda ya sauka a Nima ta Ankara da safe zai tarar da koko, wanda mutanen Gana da kansu suke dangantawa da Hausa, ana sha da ƙosai. Zai tarar da wake da shinkafa da aka dafa da kanwa da karan dafi har ta yi ja, sunanta ma a bakinsu daga kalmar wake ya fito. Ga tuwon zafi, ga masa, ga fura. Asalin kowannensu hatsi ne ko wake. Amma a nan ne baƙo kan yi sake: shinkafar ba laifi, miyar da ake zubawa a kai ce aka dafa da nama da ganda, baƙin yajin nan nasu kuma da busasshen kifi da jatan lande ake soya shi. Saboda haka tambayar da ta kamata ita ce da me aka haɗa miya, da wane mai kuma aka yi suya. Cewa a tsame nama daga kwano bai wadatar ba, tunda romonsa ya riga ya ratsa.

A Alƙahira abin da sauƙi, don yanka ba abin shakka ba ne, kuma cimar talakawansu ta wake ce: ful, da ɗa'amiyya wadda ta yi kama da ƙosai, da kushari. A Indiya doka ta sa a buga ɗigon kore cikin murabba'i a jikin abincin kanti da ba nama ko kifi ko ƙwai a cikinsa. A Landan da Faris kuwa gidajen abincin Indiyawa da Larabawa da Turkawa su ne mafaka, sai a kiyayi kek da biskit da alewa, don wani lokaci akan sa musu kitse ko sinadarin ƙashin dabba.

Otal ya zo, kuma yanzu daga wayar hannu ake kama ɗaki. Amma otal kwana kawai yake sayarwa, ba ya tsaya wa kowa. Shi ya sa har yanzu mai tafiya daga ƙasar Kazaure kan nemi lambar wani ɗan garinsu kafin ya nemi mota, tunda masu iya magana sun ce da ɗan gari kan ci gari. In ba a sami haka ba, tsofaffin matafiya kan ba da shawarar a sauka kusa da masallacin Juma'a ko kasuwa, a kuma fifita ɗakin da ke da wurin ɗora tukunya ko da ya fi nisa da tsakiyar gari, domin mudun wake da kwalbar man gyaɗa kan riƙe mutum kwanaki.